Ɗan Daudu a Fim ɗin Hausa: Dariya, Tausayi da Sanin Mutum

Wanda ya zauna a Tudun Wadan Zariya ya san unguwa ce ta baƙi tun asalinta. A zamanin Turawan mulki aka keɓe ta tsakanin Birni da Sabon Gari, domin Musulmin Arewa waɗanda ba Zazzagawa ba, watau malaman ofis da masinjoji da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Wuri irin wannan, inda gwauraye da matafiya suka yi yawa, lalle ne a sami masu dafa abincin sayarwa. A garuruwan Hausa kuwa, tun da daɗewa, wani kashi na wannan sana'a a hannun 'yan daudu ya ke. Saboda haka da wuya a sami magidanci a irin unguwar nan da zai ce bai taɓa ganin ɗan daudu ba, ko bai taɓa cin tuwonsa ko soyayyar kazarsa ba. To, abin da wannan takarda ta ke so ta bincika shi ne: da fim ya ɗauki mutumin nan da kowa ya sani ya ɗora shi a allo, me ya ƙara wa mai kallo na saninsa, me kuma ya rage masa?

Kafin mu shiga, bari in share wata hanya. Ba hukuncin daudu za mu tattauna ba. Wannan yana da malamansa da littattafansa, ra'ayin yawancin jama'armu a kansa kuma ba ɓoyayye ba ne. Aikin mai nazarin harshe shi ne ya bayyana yadda a ke magana, da abin da maganar ta ke aikatawa a zukatan masu saurare. Fahimtar mutum daban, yarda da aikinsa daban. Alƙali ma ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin wanda aka kawo ƙara.

Ɗan daudu, a bakin Bahaushe, namiji ne mai kwaikwayon mata a magana da tafiya da sana'a. Masu binciken bori, irin su Fremont Besmer wanda ya fitar da littafinsa a kan borin Kano a 1983, sun nuna kusancin 'yan daudu da dandalin bori, a kan kuma danganta sunan da iskan nan Ɗan Galadima, saurayi kyakkyawa mai ado da almubazzaranci. Renée Pittin ta same su a gidajen mata masu zaman kansu a Katsina, suna dafa abinci suna kai saƙo. Gerald Kleis da Salisu Abdullahi sun yi rubutu a kansu a 1983. Amma wanda ya fi zurfafawa ta fannin harshe shi ne Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da su a Kano tun cikin shekarun 1990, ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009. Abu guda da waɗannan bincike suka haɗu a kai ya kamata mai karatu ya riƙe shi: daudu da luwaɗi ba kalma ɗaya ba ce, ko da ya ke a kan tarar da su tare a wurin wasu mutane. Daudu abu ne na fili, salon magana ne da sana'a da matsayi a cikin jama'a. Da yawa daga cikin 'yan daudu suna da mata da 'ya'ya, suna salla, wasunsu alhazai ne. Don haka kalmomin da Turawa su ke rarraba mutane da su ba su zauna daidai a kansa ba, wanda kuwa ya ɗauko su ya jibga masa, ya yi masa rigar da ba a gwada ba.

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya soma da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990. Kafin shekara goma sana'ar ta bunƙasa, ta rabu gida biyu: finafinan soyayya masu rawa da waƙa irin ta Indiya, da finafinan barkwanci waɗanda a ke kira camama, masu araha, waɗanda a kan ɗauka cikin 'yan kwanaki. A gida na biyun nan ɗan daudu ya sami mazauni. Marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda duniya ta sani da Ibro, ya fito a Ibro Ɗan Daudu a 2002, daga baya kuma Ado Gwanja ya yi suna da irin wannan fitowa kafin waƙa ta ɗauke shi. A lura da shekarar. Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001, aka rufe gidajen mata da yawa, 'yan daudu suka watse, wasu suka bar gari, wasu suka ɓoye kamarsu. Watau lokacin da ɗan daudu na gaskiya ya ke ɓacewa daga titi, a lokacin ne na kwaikwayo ya ke cika allo. Yaron da ya tashi bayan wannan zamani ya fi sanin na biyun.

To, me fim ya ɗauka daga gare shi? Amsar a taƙaice ita ce baki da jiki. Ya ɗauki ɗaurin zane a ƙirji da ɗankwali, da riƙe ƙugu, da karya wuya, da tafi da shewa. Ya ɗauki kalmomin mamaki na mata irin su "ni 'yasu" da "ahayye". Ya ɗauki habaici da karin magana, waɗanda 'yan daudu suka gwanance a kansu har a ke cewa ba mai ja da su a cacar baki. Sa'an nan ya ɗauki abin da ya fi duka ƙarfi, wanda kuma ya fi duka ƙanƙanta, watau wakilin suna.

A nan ya kamata mu dakata. Hausa tana bambanta jinsi a mutum na biyu tilo: kai da ke, ka zo da kin zo, naka da naki. Turanci ba ya yin haka, kalma ɗaya gare shi ga namiji da mace. Saboda haka Bahaushe ba shi da hanyar da zai fuskanci mutum guda ya yi masa magana ba tare da ya yanke ko namiji ne ko mace ba, sai fa in ya gudu zuwa ga jam'in girmamawa ya ce ku. Idan ƙato mai gashin baki ya dubi ƙato ɗan'uwansa a fim ya ce "ke ƙawata", gaɓa guda ta isa ta tashi gidan kallo da dariya. Wanda ya ke bin fassarar Turancin da a ke rubutawa a ƙasan allo ba zai ga abin dariyar ba sam, domin fassarar ta haɗiye shi. Amma abin da Gaudio ya nuna shi ne 'yan daudu ba kullum su ke amfani da ke da ta ba. A tsakaninsu, a lokacin wasa da raha, su kan kira juna da sunayen mata, su ce wance ƙawata ce, wance uwar ɗakina ce. In sun fita ga mai gidan haya, ko iyaye, ko masallaci, su kan koma kai da shi kamar kowane namiji. Ke nan mutum ne mai harshe biyu a cikin harshe guda, wanda ya san inda zai saka wannan da inda zai ajiye shi. Wannan zaɓi shi ne ainihin abin sha'awa ga mai nazari, domin a cikinsa a ke ganin hankali da tsoro da kunya da dabarar zaman duniya. Fim ɗin camama kuwa ya kan jefar da zaɓin, ya bar mutumin da ke daga farkon kaset har ƙarshe, ko a gaban wa ya ke. Da haka mai dabara ya koma wawa.

Har wa yau nahawu yana da abin da zai koya mana game da dariyar kanta. Bahaushe yana cewa "ya ba ni dariya", yana cewa "mun yi dariya tare", yana kuma cewa "na yi masa dariya". A jimla ta farko mutumin shi ne mai bayarwa, dariyar kyautarsa ce. A ta biyu mu da shi daidai mu ke. A ta uku kuwa shi aka yi wa, kamar yadda a ke yi wa mutum duka ko zagi. A rumfar abinci, ɗan daudu ne mai ba da dariya: shi ya ke saƙa habaicin, mai sayen tuwo da ya yi rowa ko ya yi girman kai shi ne abin harbi. A fim abin ya juya. Ɗan wasa ne mai bayarwa, shi a ke yaba wa gwaninta, ɗan daudu kuwa ya sauka zuwa jimla ta uku. Kalmomin ba su canja ba, amma an canja wanda ya mallake su.

Ba na so in zalunci masu barkwanci. Ibro gwani ne, kunnensa na jin maganar mutane, kuma ya kwaikwayi kowa, daga malami har ɗan siyasa. Shi kansa ya ɗanɗani kurkuku a 2008 a kan fim ɗinsa Ibro Aloko. Finafinan nan sun adana wani salon magana da ba a rubuta ba, wanda mu masu nazari muka yi sakaci da shi. Sau da yawa kuma ɗan daudun fim shi ya ke cin nasara a cacar baki, ya tona asirin attajiri mai fuska biyu, mai kallo ya koma gida yana maimaita maganarsa. Dariyar da a ke yi ba duka ƙiyayya ba ce, akwai sabo a cikinta, irin na wasan tobasai. Sai dai sabo da mutum a matsayin abin wasa ba ya hana a jefe shi ranar da gari ya ɗau zafi.

Yanzu sai mu zo ga tausayi. Kalmar tana da ɗan rauni a wannan wuri, domin tausayi daga sama ya ke gangarowa: a kan ji tausayin maraya da makaho da wanda gobara ta ci. Abin da masana halayyar ɗan Adam su ke nufi wani abu ne daban, watau mutum ya sa kansa a matsayin wani har ya ji ciwon a jikinsa. Hausawa sun san shi, shi ya sa su ke cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A 1954 Gordon Allport ya kafa hujja cewa cuɗanya tana rage ƙyama tsakanin ƙungiyoyin mutane, in dai an haɗu a matsayi ɗaya, da manufa ɗaya, hukuma kuma tana goyon baya. A 1956 Donald Horton da Richard Wohl suka lura cewa mai kallon talabijin ya kan ɗauki wanda ya ke gani a allo kamar wani sananne nasa. A 2005 Edward Schiappa da abokan aikinsa biyu suka haɗa ra'ayoyin nan, suka gwada su a kan ɗaliban jami'a a Amurka, suka tarar cewa kallon shirye-shiryen da a ke nuna masu neman jinsinsu a matsayin cikakkun mutane yana rage ƙyamarsu. A wani binciken da suka fitar a 2006 sun ga abin ya fi ƙarfi ga waɗanda ba su san irin mutanen ba a zahiri.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya ke raba mu da su, kuma ina ganin waɗanda su ke ɗauko nazarin Turai su ɗora a kan finafinanmu ba su cika lura da shi ba. A can, mutanen a ɓoye su ke, fim ne ya fito da su, ya shigar da baƙo cikin gida. A nan kuwa ɗan daudu bai taɓa ɓoyuwa ba. Yana tasha, yana kasuwa, yana gidan biki yana girki, ana gaisawa da shi, ana cin bashinsa. Mai kallo ya riga ya san shi kafin fim ya zo. Abin da fim ya yi shi ne ya mai da ɗan gida baƙo, ya musanya mutum mai suna da dangi da wata siffa wadda ba ta da ko ɗaya.

Idan mun duba finafinan da suka sa mai kallo ya ji ciwon irin waɗannan mutane, za mu ga ba wa'azi suka yi ba, wata dabara ce ta gina labari. A Ingila a 1961 an yi fim mai suna Victim. Dirk Bogarde ya fito a matsayin lauya mai mata, mai mutunci, wanda wasu 'yan damfara su ke cin kuɗin mutane irinsa da barazanar tona asiri, domin a lokacin doka tana ɗaure su. Fim ɗin bai nemi mai kallo ya yarda da halin lauyan ba. Ya dai sa shi ya zauna da shi a ɗaki, ya ga tsoronsa, ya ga fuskar matarsa ranar da ta gane. An sassauta dokar Ingila a 1967, shekara goma bayan rahoton Wolfenden na 1957. Ba za a ce fim ne ya canja ta ba, amma yana cikin abubuwan da suka sa jama'a suka yi maganar a fili.

Misalin da ya fi kusa da mu daga Indiya ya ke, tun da Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Arewa a shekarun 1950, kuma a kansu masu fim ɗinmu suka yi koyi. Indiya tana da mutanen da a ke kira hijira, waɗanda ba daidai su ke da 'yan daudu ba, amma su ma ana ganinsu a wurin biki da suna, ana tsoron bakinsu. Darekta guda, Mahesh Bhatt, ya nuna su sau biyu. A Sadak na 1991 akwai Maharani, mugun mai gidan karuwai, wanda ba a nuna kome nasa ba sai zalunci. A Tamanna na 1997 akwai Tikku, wanda ya tsinci jaririya da aka yar, ya rene ta da ɗan abin da ya ke samu har ta girma. Siffar jiki kusan ɗaya ce, muryar ma haka. Bambancin shi ne an ba Tikku abin da zai rasa. Da zarar mai kallo ya san akwai abin da mutum ya ke tsoron rasawa, ya fara lissafi tare da shi.

Ga abin da ɗan daudun camama ya rasa ke nan. Da wuya kyamara ta bi shi ɗakinsa bayan an watse. Ba a nuna uwarsa ba, ba a nuna ƙanen da ya ke biya wa kuɗin makaranta ba, ba a nuna shi shi kaɗai yana alwala da asuba ba. Kullum a cikin taro ya ke, yana wasa, kamar wanda ba ya gajiya. In labarin ya zo ƙarshe, yawanci ɗayan biyu ne, ko ya tuba nan take ko a kore shi. Ko tubar ma, wadda a adabinmu babban jigo ce mai iya sa hawaye, ba a kan ba ta lokacinta ba, domin ba a nuna mana zuciyar da za ta tuba ba tun farko.

Abin yana da nauyi, don ba a allo ya ke tsayawa ba. A watan Agusta na 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauchi bisa zargin shigar mata, taron jama'a kuma ya nemi jifansu a lokacin shari'ar. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14. A 2024 Hukumar Tace Finafinai ta Kano, a ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana finafinan da a ke nuna daba da daudu, bisa hujjar kare tarbiyya. Hujjar ba abin rainawa ba ce, iyaye da yawa suna tare da ita. Amma tarihi yana da gargaɗi. Amurka ta yi irin wannan hani daga 1934 har cikin shekarun 1960, kuma kamar yadda Vito Russo ya nuna a littafinsa na 1981, mutanen ba su ɓace daga allo ba, sai suka koma ishara da shaguɓe, a matsayin abin dariya ko mugu. A wurinmu ma ikon hukumar Kano bai kai YouTube da TikTok na duniya duka ba. Abin da ya ke yawo a wayoyin yara yanzu guntaye ne na daƙiƙa talatin, ba labari, ba suna, sai karya wuya da "ke". Watau an hana dogon fim, wanda shi kaɗai ya ke da filin nuna mutum, an bar guntun da ba ya iya nuna kome sai siffa. Sauran ƙasashen Afirka sun gwada dogon, irin su Dakan na Mohamed Camara a Gini a 1997, da Rafiki na Wanuri Kahiu wanda Kenya ta hana a 2018 har kotu ta buɗe shi na kwana bakwai, amma waɗannan labarin soyayya ne tsakanin jinsi guda, ba su ne tambayar da ta ke gabanmu ba.

Malaman kwalejojin horon malamai su ne za su fi cin karo da sakamakon. Kusan kowace makarantar kwana tana da yaro mai siririyar murya, ko mai son girki, ko wanda ya tashi a tsakiyar yayye mata ya ɗauki maganarsu. Ba ɗan daudu ba ne, watakila bai taɓa ganin rumfarsu ba. Amma 'yan ajinsa suna da kalmomin fim a shirye, da ya buɗe baki sai wani ya riƙe ƙugu ya ce "ke", aji ya fashe. Na san yaron da ya daina amsa tambaya a aji shekara guda cur saboda haka, malaminsa kuwa yana tsammanin daƙiƙanci ne.

Akwai wani aiki da na kan ba ɗalibaina na nahawu, wanda kowane malami zai iya gwadawa. A zaɓi fitowa guda daga irin finafinan nan, a rubuta maganganun duka, a ja layi a ƙarƙashin kowane ke da ki da ta, a faɗi wa ya furta, ga wa, a gaban wa. Sa'an nan a juya takarda a amsa tambayoyi huɗu: mene ne sunan yankan mutumin nan, ɗan wane gari ne, wa ya ke ci daga hannunsa, ina ya ke kwana? Shafin farko ya kan cika har a nemi ƙari. Na biyun ya kan dawo fari. Ranar da na fara gwada shi, wani ɗalibi ɗan Tudun Wada ya tsaya bayan an tashi, ya ce mini akwai mai abinci a bakin layinsu tun yana yaro, ya san sunansa, ya san garinsu, ya san shi ya ke riƙe da marayun yayansa guda uku, har ya taɓa zuwa sunan 'yarsa. Ya ce duk shekarun da ya yi yana kallon finafinan nan yana dariya, bai taɓa kawo mutumin nan a ransa ba.